Aron Suna

Shekara ashirin Drahomira Kalusova ta yi tana juya cuku a wata masana'anta da ke bayan garin Olomouc. Matan da suke aiki tare Dokta suke ce mata, da farko don tsokana, daga baya kuma sunan ya bi ta.

Ba ƙarya suka yi ba. Kafin tankokin yaƙi na ƙasashen waje su shigo ƙasar, ita ce ƙarama a wani ofishin ƙamus, inda mutum bakwai suke zaune suna tonon asalin kalmomi, kowa da akwatin katunansa. A shekarar 1970 aka kawo musu takarda, aka ce kowa ya sa hannu ya yarda cewa shigowar tankokin taimako ne na 'yan'uwa. Shida suka sa. Ita ta ce alƙalaminta ba tawada. Aka miƙo mata wani, ta ce hannunta ne ke ciwo. Kafin wata ya mutu an karɓe makullin ofis da katinta na ɗakin karatu, aka kuma hana a buga ko layi ɗaya da sunanta.

Cikin shidan nan akwai Radim Hybl, wanda suka yi jami'a tare, aji ɗaya. Matarsa Otilie kuwa, wato Oti, ƙawarta ce tun suna 'yan mata. Sun kwana ɗaki ɗaya a makaranta, sun sa rigar juna, Drahomira, wadda suke kira Draha, ita ce ma ta haɗa ta da Radim. Oti ce mai buga takardun ofishin da tafireta.

Wata Lahadi da rana, bayan korar da kamar wata shida, sai ga su sun zo mata da waina mai kwaɓin 'ya'yan itacen fulam a ciki. Radim ya kasa zama. Ya tsaya bakin taga yana murza hularsa.

"Draha, na sa hannu. Ban ce na yi abin kirki ba, 'ya'ya biyu gare ni," in ji shi. "To tunda sunan ya riga ya ɓaci, bari a more shi. Ki ci gaba da aikinki. Ni zan ɗauko miki littattafai, Oti ta buga, a fitar da sunana. Ranar da abubuwa suka canja, ni da kaina zan miƙe a gaban kowa in ce naki ne."

"In kuma ba su canja ba?"

"To kin rubuta dai. Ya fi ki zauna kina hira da cuku."

Oti ta kama hannunta ta ce, "Ni ce shaida. In ya manta, sai ya nemi mai dafa masa abinci."

Suka yi dariya su uku. A lokacin ba su kaɗai ke irin wannan ba. Mutane da yawa sun ara wa abokansu suna, aka fitar da fassara da littattafai, kowa ya kame bakinsa.

Aikin da Draha ta sa a gaba kan kalmomi biyu ne na harshensu da kowane yaro ya sani: konets, wato ƙarshe, da zacatek, wato farko. Masana sun daɗe da sanin cewa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, saiwa guda ce ta rabu, nan ta fito da "kon", can ta fito da "ca". Abin da ba a daidaita a kai ba shi ne me saiwar take nufi tun asali. Wasu suka ce sabon tsiro ne, abin da ya fito yanzu. Ita kuwa ta tsaya a kan cewa iyaka ce, irin turken da kakanta yake kafawa a bakin gona. Wanda ya shigo daga nan, a wurinsa turken farkon gona ne. Wanda ya taho daga can, a wurinsa ƙarshenta ne.

Ta bi hujjojinta ɗaya bayan ɗaya. Sabiyawa suna cewa "od kona do kona" idan suna nufin daga farko har ƙarshe. Rashawa suna kiran layin da ake ja a ƙasa wurin wasa da suna kon. Doka kanta zakon ce, abin da aka shata wa iyaka. A tsofaffin littattafan coci kuma akwai iskoni, wato tun fil azal. Kowace kalma da katinta: inda aka same ta, wanda ya faɗa, da shekara. Radim yana kawo littattafan a jaka, tufa a sama don rufe ido. Ita kuma tana rubutu lokacin hutun rana a kan kwandon da aka kife, sauran mata suna cin burodi suna tsokanarta.

"Dokta, yau wace kalma aka kama?"

"Ƙarshe."

"To ki tambaye ta yaushe na wannan aikin zai zo."

Ranar Lahadi sai ta kai wa Oti abin da ta rubuta. Oti tana bugawa tana mita a kan rubutun hannunta, wai kamar kaza ta bi ta kan takarda, tana kuma toshe hanci tana cewa duk katunan warin cuku suke yi.

A shekarar 1977 aka shiga binciken gidajen mutane. Oti ce ta kawo shawara. "Ki kawo komai wurinmu. Gidan wanda ya sa hannu ba a bincikarsa. In aka samu akwatunan nan a ɗakinki, duk mu uku mun shiga uku." Gaskiya ta faɗa. Draha ta kwashe akwatin takalmi goma sha ɗaya cike da katuna, da duk rubutun hannunta, ta kai gidansu kaɗan-kaɗan a cikin kwandon cefane. Daga nan ko ƙyallen takarda ba ta ajiyewa a wurinta.

Littafin ya fito a 1983, bayan shekara goma sha biyu. Sunan Radim ne a bango. Draha ta riƙe littafin ta shinshina, ta yi kuka, kukan daɗi. A kan littafin aka ba Radim kujerar farfesa, aka fara gayyatarsa taro a ƙasashen waje, Warso da Sofiya. Kafin kowace tafiya sai ya zo ta zaunar da shi kamar ɗalibi, ta faɗa masa tambayoyin da za a yi masa da amsoshinsu. Abin bai taɓa damunta ba. A ganinta ajiya ce ta ba shi, mai ajiya kuwa dole ya ci abinci.

Sai ga Nuwamban 1989. Ta fita dandali cikin sanyi tare da matan masana'anta, suna kaɗa makullai sama. Gwamnati ta faɗi kamar wasa. Draha tana da shekara hamsin da huɗu. Ta koma gida ta fara jira.

Disamba ta wuce, Radim bai zo ba. Ta ce hidima ce ta yi masa yawa. Janairu ta buga waya, Oti ta ce yana Praha, babban birnin ƙasar. Fabrairu Oti ta ce mura ke damunsa. A watan Afrilu sai ga katin gayyata: ofishin ƙamus zai yi taron karrama waɗanda aka kora, za a kuma gabatar da sabon shugaba, Farfesa Radim Hybl. A ƙasa ya rubuta da hannunsa, "Ki zo, zan yi magana a kanki."

Ta kai tsohuwar rigarta shuɗiya wurin tela aka buɗa ta. Ta je aka gyara mata gashi. A cikin tarago, jirgin ƙasan cikin gari, tana ta tsara abin da za ta ce idan aka kira ta. Ta yanke shawarar ba za ta bari a ci mutuncinsa ba. Za ta ce ya yi kasada, ya kuma riƙe amana.

Zauren ya cika. Radim ya hau mumbari ya yi dogon jawabi a kan waɗanda suka zauna a ciki suka haɗiye baƙin ciki don kada aikin ilimi ya mutu. Can ya cire tabarau, ya dubo inda take.

"Akwai wata baiwar Allah a nan da nake so ku sani," in ji shi. "Dokta Kalusova. An zalunce ta, an raba ta da aikinta. Amma duk da wahalar da take ciki, lokacin da nake rubuta littafina, ita ce ta zauna ta duba mini kurakuran bugu, shafi bayan shafi, ba tare da ta nemi komai ba. Ban iya gode mata a lokacin ba. Yau ina gode mata."

Aka miƙe tsaye ana tafi. Wata ta kawo mata furanni ta ɗora mata a hannu. Draha ta tashi, don kowa ita yake kallo. Ta nemi Oti da ido, ta hango ta a layin gaba, ta sunkuya tana neman wani abu a jakarta. Har aka gama tafin ba ta samu abin ba.

Washegari da ƙarfe takwas tana ofishinsa. Ya rufe ƙofa da kansa.

"Na san abin da za ki ce."

"To faɗa mini, in huta."

"Draha, ki duba halin da ake ciki. Ana bin waɗanda suka sa hannu ɗaya-ɗaya ana fitarwa. Littafin nan ne kaɗai ya tsaya tsakanina da titi. In na ce ba nawa ba ne, me ya rage? Mutumin da ya sa hannu, ya kuma ci farfesa da aikin wata. Ko shara ba za a ba ni ba."

"Akwai gurbi a wurinmu. Zan koya maka juya cuku, ba wuya."

Bai yi dariya ba. "Kuma in za a bi gaskiya, ba ke kaɗai kika yi shi ba. Wa ya ɗauko littattafan? Wa za a ɗaure da an gane? Babi na uku ni na gyara shi."

"Waƙafi ka gyara, Radim. Biyu ma ka ɓata, na mayar."

Ya zauna, ya ja wata takarda ya turo mata. Ya ce ga tsohon teburinta nan, ya sa an share. Za ta dawo a matsayin mataimakiyarsa, duk abin da ta rubuta daga yau da sunanta zai fita. A bar na baya ya wuce, don Allah.

Ba ta taɓa takardar ba. "Ba ni katunana."

"Ruwa ya shiga ɗakin ƙasa bara. Sun ruɓe, an zubar."

Ya faɗa yana kallon kalanda. Shekara talatin da biyar ta san shi, ta san yadda kunnensa yake yin ja idan ya yi ƙarya. Ta fita, har a lokacin hankalinta bai gama tashi ba. Tana da shaida. Oti ta buga kowane shafi daga rubutun hannunta. Kalma ɗaya daga bakin Oti ta isa.

Ta same ta a ɗan lambunsu na bayan gari, tana durƙushe tana dasa albasa. Oti ta ɗago ta gan ta, ta ajiye ƙaramar fartanyar, amma ba ta tashi ba.

"Ya ce ruwa ya ci katunan," in ji Draha.

Oti ta daɗe tana kakkaɓe ƙasa daga hannunta. "Ba ruwa ba ne. Ni na ƙona su. A murhun bukkar nan, cikin Disamba. Kwana uku na yi."

Draha ta dubi bukkar. Ta sha zama a ciki ana ruwan sama, ita da Oti, suna shan kofi daga kofi ɗaya.

"Shi ya sa ki?"

"Shi? Ai ba zai iya ba. Ya zauna yana kuka, wai zai je ya faɗi gaskiya bayan Kirsimeti. Na san shi, zai faɗa, sannan ya kwanta ya mutu. Ni na ce ba zai faɗa ba." Ta ɗago. "Mijina ne, Draha. Ke kin saba da wahala, kina da ƙarfi. Shi ba shi da komai sai littafin nan."

"Kin ce ke ce shaida."

"Na ce."

"In aka kira ki aka tambaye ki?"

"Zan ce daga rubutunsa na buga."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma kau da kai ba. Da kuka ta yi, ko ta yi ƙarya irin ta mijinta, da Draha ta samu abin riƙewa. Ta tsaya tana kallon layin albasar, a miƙe kamar an ja da zare, haka Oti take yin komai nata. Kwana uku. Wato ta je gida ta yi girki, ta yi barci, ta dawo da safe ta ci gaba, har sau biyu. Wannan ne ya tsaya wa Draha a rai, ya fi tafin zauren ciwo.

Ta juya ta tafi. Da ta kai tashar tarago ta zauna a kan benci, tarago uku suka wuce ta.

Ba ta kai ƙara ba. Ta faɗa wa mutum biyu daga cikin tsofaffin abokan aiki. Ɗaya ya ce ya daɗe yana zargi, amma ba hujja, kuma yanzu ba lokacin tone-tone ba ne. Ɗayar ta dafa kafaɗarta ta ce wahala takan sa mutum ya ga kamar ya yi abin da bai yi ba. Daga nan Draha ta rufe bakinta. Ba ta koma ofishin ba. Ta ƙarasa shekararta a masana'anta ta yi ritaya, matan suka haɗa mata liyafa, suka ba ta alƙalami mai tsada, wai kada ta sake cewa ba tawada.

Abu ɗaya sabon zamani ya mayar mata: katin ɗakin karatu. Kullum ƙarfe tara tana bakin ƙofa. Littattafan ƙasashen waje da aka kulle shekara ashirin duk an fito da su, ta bi su kamar mai yunwa. A cikinsu ne ta ci karo da abin da ya sa ta ajiye tabarau ta dafe kai.

A babi na biyar na littafinta ta yi watsi da wata tsohuwar kalma, cedo, wato ɗa ko jariri. Ta ce aro ce daga Jamusawa, ba ruwanta da saiwar farko da ƙarshe. Yanzu da ta ga abin da wasu suka tattara, sai ta ga ta yi gaggawa. Kalmar tana iya zama 'yar gida. In kuwa jariri daga saiwar nan ya fito, to masu cewa sabon tsiro sun fi ta ƙarfin hujja, turken kakanta daga baya ya zo. Rabin littafin a kan turken nan ya tsaya.

Mako biyu tana jin kamar an yi mata rasuwa. Sannan ta sayi sababbin katuna.

Maƙalar ta fito a wata ƙaramar mujalla a 1992, shafi goma sha huɗu, da sunan Drahomira Kalusova a sama. Shi ne karo na farko da ta ga sunanta a buge tun tana da shekara talatin da huɗu. A ciki ta bi littafin Farfesa Hybl ta warware shi cikin ladabi, ta nuna inda marubucin ya rufe ido don hujja ba ta yi masa daɗi ba, da inda ya jingina katanga da kara. Ba wanda zai iya sanin wuraren nan kamar ita.

A Olomouc aka ce hassada ce. Mutum ya karrama ta a bainar jama'a, ta saka masa da wannan. Amma masana na waje suka ɗauki maganar da gaske, mujallar ta nemi Farfesa ya mayar da martani. Wata uku shiru. Wata shida shiru.

Wata Talata da hantsi aka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Oti ce, ta rame, gashin duk ya yi fari. Draha ta matsa ta ba ta hanya, ta dafa kofi, don ba a koya mata barin baƙo a tsaye ba. Suka zauna, tebur a tsakaninsu.

"Ba ya barci," in ji Oti. "Ya rubuta amsa sau bakwai yana yagawa. Bai san ta inda zai kama ba. An gayyace shi taro a watan Satumba, kuma maganar nan za a yi."

"Allah ya ba shi sa'a."

"Draha." Ta juya kofin a kan faranti. "Ke kin san inda za a iya kare littafin. Ba duka ya rushe ba, ke ma kin sani. Shafi huɗu kawai. Ni zan buga, ba wanda zai ji. Ai littafinki ne. Za ki bari ya mutu?"

Draha ta dube ta. Abin haushin shi ne, gaskiya ne. Ta san amsar. Tun tana rubuta maƙalar ta ga wata ƙofa da ta bari a buɗe, inda mai wayo zai iya shiga ya ceci babi biyu. Har jimlar farko ta zo mata a ka, a shirye. Kuma wannan ne karo na farko da wani ya ce littafinta ne da babbar murya, a ɗakin da ba kowa sai su biyu.

"Maimaita abin da kika ce yanzu a gaban editan mujallar," in ji ta, "in rubuta masa shafi arba'in."

Oti ta dubi kofinta.

"Ba zan iya ba."

"Na sani. Sha kofinki, zai huce."

Oti ta shanye, ta sa rigar sanyinta, ta tsaya a bakin ƙofa kamar za ta ƙara wata magana, sannan ta sauka. Draha ta ji takunta har hawa na ƙasa. Wannan ce haɗuwarsu ta ƙarshe, ko da yake sun ƙara shekara goma sha ɗaya a gari ɗaya.

Radim bai je taron ba, ya aika cewa ba shi da lafiya. Ya riƙe kujerarsa har ya yi ritaya, aka sake buga littafin sau biyu da sunansa. Amsar da Oti ta zo nema, Draha ce ta rubuta ta bayan shekara ɗaya, da sunanta, ta ceci babi biyun nan da kanta. Ɗalibai har yau sukan yi mamakin wannan mata da ta rushe littafin wani, ta kuma dawo ta tallafe shi.

Ta rubuta maƙala tara kafin idonta ya gaza. Maƙwabciyarta, wadda takan karanta mata jarida a shekarun ƙarshe, ta ce ba ta taɓa jin ta ambaci Farfesa da mugun baki ba, ko da aka karanta mata labarin mutuwarsa cewa ta yi Allah ya ji ƙansa, matsoraci ne kawai. Amma ranar da maƙwabciyar ta tambaye ta wace ce yarinyar da ke tsaye kusa da ita a wani tsohon hoto na makaranta, sai ta ce a mayar da hoton cikin durowa, kuma ba ta ci abincin rana ba.